Magani Ya Kwantar Da Cuta, Saura Horon Tunani

Akwai kukan da muke yawan ji a gidajenmu na Adjamé da Treichville daga bakin iyayen da Allah ya jarrabi ɗansu da taɓin hankali. Sukan ce an kai shi asibiti, yana shan magani, ya daina jin muryoyin da ba mai jin su sai shi, ya daina zargin ana bin sa da sammu, amma har yau bai koma yadda yake ba. A aike shi sayen abu uku, ya dawo da ɗaya. A bar masa tebur, canjin sefa 500 ya gagare shi. Daga nan sai a fara kiran sa malalaci, ko a ce maganin asibiti ne ya kashe masa zuciya. Zargin farko zalunci ne, na biyu kuwa yana buƙatar bayani.

Cutar da muke magana a kanta ita ce likitoci ke rubutawa "schizophrénie" a takardar asibiti. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 24, wato mutum ɗaya cikin 300. Ta fi kama mutum daga ƙarshen samartaka zuwa shekara talatin, daidai lokacin koyon sana'a da neman aure. Abin da jama'a ke gani shi ne sambatu da ruɗu. A ƙarƙashinsu kuwa akwai rauni a natsuwa, da riƙe magana, da saurin fahimta, da tsara aiki daki-daki. Raunin yakan riga sambatun bayyana, yakan kuma zauna bayan sun lafa, kuma shi ne babban abin da ke hana majinyaci komawa kasuwa ko makaranta.

Tun 1952, da Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada chlorpromazine a asibitin Sainte-Anne na Paris, aka sami magungunan da ke kwantar da muryoyi da ruɗu. Wannan ƙwaya ita muka sani da Largactil. Haloperidol, wato Haldol, ya biyo baya a 1958. Amfaninsu ba ya ɓuya, kuma barin su shi ne babbar ƙofar dawowar cuta. Sai dai ɗan abin da suke yi wa mantuwa da rashin natsuwa kaɗan ne. An yi ta neman ƙwayar da za ta gyara tunani kai tsaye, amma a Janairun 2025 kamfanin Boehringer Ingelheim na Jamus ya sanar da cewa iclepertin, wadda aka gwada a kan majinyata fiye da 1,800, ba ta cika burin da aka ɗora mata ba.

Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne haɗa magani da horon tunani, wanda a Faransanci ake kira "remédiation cognitive". Majinyaci yakan zauna da mai horarwa sau biyu ko uku a mako, tsawon wata uku zuwa huɗu, yana aikin lissafi, da tuna jerin abubuwa, da warware matsala, a takarda ko a kwamfuta. Ana farawa da mai sauƙi, ana ƙara nauyi sannu a hankali, ana koya masa dabaru: ya raba aiki gida-gida, ya maimaita umarni da bakinsa, ya rubuta abin da yake tsoron mantawa. A 2011 Farfesa Til Wykes ta Landan da abokan aikinta sun tattara gwaje-gwaje 40 na majinyata 2,104, suka tarar da ci gaba matsakaici a tunani da tafiyar da rayuwa. A 2021 Antonio Vita na Italiya ya tattara gwaji 130, ya ƙara da cewa horon ya fi amfani idan akwai mai horarwa a kusa, kuma aka haɗa shi da koyon aiki na zahiri.

Mu koma ga zargi na biyu. Sau da yawa akan haɗa Haldol da Artane domin hana sandarewar jiki da makyarkyata. Irin su Artane suna iya ƙara mantuwa, har binciken Sophia Vinogradov na 2009 a Amurka ya nuna cewa yawan magunguna masu irin wannan aiki a jini yana rage amfanin horon. Wannan ba izinin yanke magani ba ne. Dalili ne na komawa wurin likita a ce masa, "Likita, muryoyin sun tafi, amma mantuwa da barci sun yi yawa, a duba mana awon." Dalili ne kuma na ƙaurace wa ƙwayoyin da ake kasawa a bakin hanya a Adjamé Roxy.

Wuraren neman taimako ba su yi mana nisa ba. A nan Adjamé, cibiyar INSP tana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin Bingerville da ke aiki tun 1962. A Bouaké, ƙungiyar Saint Camille ta Grégoire Ahongbonon, wanda asalinsa mai gyaran taya ne, ta daɗe tana kwance majinyata daga mari, ta ba su magani, ta koya musu sana'a.

Gida ma yana da nasa rabo, da shawarar likita. A ware rabin sa'a kullum bayan la'asar. Yau a ba shi saƙo ɗaya, mako mai zuwa biyu. Ya ƙirga cinikin garba tare da yayansa kafin a bar masa akwatin kuɗi. Ya tsara tafiya daga Adjamé zuwa Treichville da bakinsa, inda zai hau mota da abin da zai biya, a raka shi sau uku, sa'annan ya je shi kaɗai. Idan ya kuskure a sake, ban da tsawa da gori, domin an tabbatar cewa yawan suka a cikin gida yana tayar da cutar.

Addu'a da neman magani ba sa karo da juna a addininmu. Muna roƙon limamanmu da shugabannin zango su taimaka wajen sama wa waɗannan bayin Allah gurbi a shaguna da wuraren ɗinki. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da lada, amin.