Rawar Tsoka da Tsoron da Take Jawowa

A da, in fatar idon mutum ta kama rawa, tsofaffi kan ce zai ga wani da ya daɗe bai gani ba, a yi dariya a wuce. Yanzu kuwa matashi zai kwanta da dare, ya ji naman sha-raɓa na ɗan bugawa shi kaɗai, ko gindin babban yatsansa na motsi ba da izininsa ba, sai ya jawo waya ya tambayi Google. Ba zai yi nisa da karatu ba zai ci karo da haruffa uku, ALS, da bayanin cewa cuta ce mai cinye tsoka, wadda ba ta da magani, kuma rawar tsoka na cikin alamominta. Shi ke nan barci ya ƙaurace masa. Gari na wayewa ya fara duba ƙafafunsa a madubi, yana ganin kamar ta hagu ta fi ta dama sirancewa.

Masu irin wannan hali suna da yawa, kuma akasarinsu ba sa faɗa wa kowa, don gudun a ce sun cika raki. Ya kamata su san cewa rawar tsoka ita kaɗai, in ba ta zo da raunin gaɓa ba, kusan ko yaushe ba cuta ba ce. Abin da ke wahalar da su tsoron ne, kuma tsoron yana da magani.

Bari mu fara da yadda abin ke faruwa. A cikin laka, wato jijiyar nan mai kauri da ta ratsa ƙashin baya, akwai ƙwayoyin halitta masu aika wa tsoka umarnin motsi. Kowace ƙwaya ɗaya tana miƙa zare mai tsawo zuwa tsoka, a can ya rarrabu ya riƙe wani rukuni na zaruruwan nama. A tsokar ido rukunin ɗan kaɗan ne, a sha-raɓa kuwa yakan kai ɗaruruwa har sama da dubu. Kamar makunnin lantarki ɗaya ne da ke riƙe da jerin ƙwayaye: in ya ƙyasta da kansa, jerin nan duka sai ya yi walƙiya ya mutu, sauran gidan bai sani ba. To haka zaren jijiya kan saki saƙo ba tare da ƙwaƙwalwa ta aiko shi ba, rukunin naman da yake riƙe da shi ya ɗan tsuke ya saki. Abin da ake gani a ƙarƙashin fata ke nan. Ba ya ɗaga ƙafa, ba ya lanƙwasa gwiwa, sai dai a gan shi ko a ji shi.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1963 ya tambayi ɗaruruwan ma'aikatan lafiya masu ƙoshin lafiya, aka tarar kusan kashi 70 cikin 100 sun san wannan rawa a jikinsu. Ke nan wanda bai taɓa jin ta ba shi ne baƙo a cikin jama'a.

Abubuwan da ke tayar da ita kuwa duk muna tare da su. Rashin isasshen barci na kan gaba. Sai sinadarin kafeyin, wanda ke cikin kofi da shayi da lemunan ƙara kuzari na gwangwani, kuma yana cikin goro. Mai cin goro tun safe har dare, ko mai zaman majalisar shayi yana kurɓar na ɗaya da na biyu da na uku har ƙarfe ɗayan dare, in idonsa ya yi rawa bai kamata ya yi mamaki ba. Akwai gajiya bayan aikin ƙarfi, ko ƙwallo, ko doguwar tafiya a ƙasa. Akwai yawan gumi a watannin bazara ba tare da shan isasshen ruwa ba, da amai ko gudawa, waɗanda ke rage wa jini gishirin da jijiya ke aiki da su, irin su fotashiyam da magniziyam da kalsiyam. Wasu magunguna ma suna jawo ta, kamar maganin asma na shaƙa irin su Ventolin. Sai kuma babbarsu, wato damuwa.

Ita kuwa cutar da ake tsoro, gaskiya ce akwai ta, kuma mai tsanani ce. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fayyace ta a birnin Faris a wajajen 1869. Ƙwayoyin nan masu aika umarnin motsi ne ke mutuwa a hankali, tsokar da ta rasa mai ba ta umarni sai ta yi rauni ta motse. Amma ba cuta ce mai yawa ba. A ƙasashen Turai, inda ake da ƙididdiga mai kyau, kimanin mutum 2 zuwa 3 ne cikin 100,000 ke kamuwa da ita a shekara, kuma mafi yawansu sun haura shekara 50. Duniya ta ƙara jin sunanta a 2014, lokacin da mutane suka riƙa sheƙa wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara a Facebook don tara kuɗin bincike.

Ya kamata mai fargaba ya duba yadda ta fara ga shahararrun mutane biyu da aka fi sanin ta da su. Lou Gehrig, ɗan wasan besbol na Amurka da har yau ake kiran cutar da sunansa a can, ƙarfinsa ne ya ragu a filin wasa, ya koma yana tuntuɓe, duka irin wanda ya saba yi ya gagare shi. Aka gano cutar a 1939, ya rasu a 1941. Stephen Hawking, masanin kimiyyar nan na Ingila, faɗuwa ya fara yi, har ya taɓa gangarowa daga matakalar bene, maganarsa kuma ta fara sarƙewa. Aka gano tasa a 1963 yana da shekara 21, ya rayu da ita har 2018, abin da ba kasafai ake samu ba. A duka biyun, abin da ya kai su asibiti shi ne jiki ya daina yin abin da ya saba yi. Haka likitocin jijiya ke gani a kullum: mai wannan cuta yakan zo ne da kukan cewa takalminsa na silifa na zamewa bai sani ba, ko yatsun ƙafarsa na jan ƙasa, ko ya kasa saka maɓallin riga, ko murɗa makulli ya gagare shi, ko yana yawan ƙwarewa in yana shan ruwa. Sau da yawa ma likita ne ke nuna masa rawar tsokar, shi bai lura da ita ba. Raunin kuma ba ya zuwa yau ya tafi gobe. In ya fara a wuri ɗaya, gaba yake yi.

A nan ne mai waswasi ke ruɗewa, domin shi ma zai ce maka yana jin rauni. Amma jin kasala daban, gazawar gaɓa daban. Wanda ya ce ƙafarsa ta yi masa nauyi, alhali yana hawa bene, yana tayar da babur da ita, yana durƙusawa ya miƙe a sallah ba tare da dafa komai ba, ƙafarsa na aiki. Gajiya ce da rashin barci da tsoka da ta wuni a ɗaure saboda fargaba.

A asibitin Mayo na Amurka, inda aka gano cutar Gehrig ɗin, likitoci sun bi diddigin mutum 121 da suka zo da rawar tsoka, aka duba su aka tarar jijiyoyinsu lafiya. An bi su tsawon shekara 2 zuwa 32, aka wallafa sakamakon a 1993: ko mutum ɗaya a cikinsu bai kamu da cutar ba, duk da cewa da yawansu rawar ba ta daina ba. Abin sha'awa, 40 daga cikinsu ma'aikatan lafiya ne. Bayan shekara 20, a 2013, wasu likitocin jijiya biyu a Ostireliya suka yi rubutu kan 'yan uwansu likitoci da ke zuwa musu a tsorace da wannan kuka, har suka raɗa wa matsalar suna. Don haka ba jahilci ke kawo wannan tsoro ba. Wanda ya karanta sunan cutar ne ke kamuwa da shi, ko a ajin koyon likitanci ko a wayar hannu.

Yadda tsoron ke ciyar da kansa ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan maganin yake. Mutum in ya firgita, jikinsa na sakin sinadarin adirenalin, wanda ke sa jijiyoyi su zama a shirye, abu kaɗan ya tayar da su. Numfashinsa kan yi sauri ba tare da ya lura ba, wannan kuma na sauya yanayin jini ta yadda yatsu da leɓɓa za su riƙa yin dindiris, tsoka ta ƙara rawa. Barci ya ragu, rawa ta ƙaru. Sannan hankali ya koma kan jiki kacokan, motsin da a da ba a ji, yanzu kowanne sai an ƙirga shi. Daga nan sai gwaje-gwajen gida su fara. Ya yi tafiya a kan yatsun ƙafa, ya yi a kan dunduniya, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya matse hannun ƙanensa don ya ji ƙarfinsa, sau ashirin a wuni. Tsokar da aka wahalar haka dole ta gaji ta yi rawa, shi kuma ya ce ga shaida. Ya zaro harshe a gaban madubi ya ga yana karkarwa, bai san cewa harshen kowa in aka zaro shi aka riƙe sai ya yi karkarwa ba, shi ya sa likita ke duba shi yana kwance a cikin baki. Ya ari tef ɗin tela ya auna cinyoyinsa, ya ga bambancin santimita ɗaya. To ai babu ɗan Adam ɗin da ɓarinsa biyu suka yi daidai wa daida. Hannun da kake aiki da shi ya fi ɗayan kauri, kuma ramukan da kake gani a bayan hannu ko gefen gwiwa tun can suna nan, yau ne ka fara kallonsu. In kuma fargaba ta hana shi cin abinci ya rame, sai ya ce tsokarsa ce ke motsewa.

Kowane gwaji yakan ba shi sauƙi na ɗan lokaci, daga baya shakku ya dawo ya nemi wani. Haka tambayar 'yan uwa, haka yawon asibitoci, haka komawa intanet da tsakar dare. A wajenmu akwai ƙarin wata hanya: wani in ya ce abu na yi masa yawo a jiki, sai a ce sammu ne ko jifa, a shiga kashe kuɗi. Addu'a da tawakkali suna kwantar da zuciya, kuma kwanciyar zuciya na rage rawar. Amma zargin maƙwabci ko kishiya kan motsin naman ƙafa ɗaukar alhaki ne kawai.

Ba ana nufin kada a je asibiti ba. Akwai lokutan da zuwa ya zama dole. In wata gaɓa ta daina aikinta, ko magana ta sauya, ko haɗiya ta yi wuya, ko naman wuri ɗaya ya zube har wasu na gani, a je. In rawar ta fara sabuwa ga wanda ya manyanta kuma ta bazu, a je. Ko a nan ma, abin da likita zai fi samu a ƙasarmu wani abu ne daban mai magani: ciwon suga da ya taɓa jijiyoyin ƙafa, ko ƙashin wuya ko na baya da ya danne jijiya, ko jijiyar wuyan hannu da ta matse har naman gindin babban yatsa ya zube, ko kuturta, wadda ake warkewa daga gare ta in an fara shan magani da wuri. In rawar ta zo da bugun zuciya da rama da rashin jure zafi da karkarwar hannu, akan duba halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, ko ta wuce kima wajen aiki.

Akwai kuma rawar tsoka guda da ba a jira da ita ko minti ɗaya, kuma ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba fiye da ALS. Ita ce wadda ke biyo bayan feshin maganin ƙwari a gona ko a ɗaki, irin su fiya-fiya, ko yaro ya sha bisa kuskure. Za a ga naman jiki na rawa, yawu na dalala, gumi da hawaye na zuba, ga amai, baƙin ido ya tsuke, numfashi na sarƙewa. Wannan guba ce. A cire wa wanda abin ya shafa tufafin da suka jiƙe da maganin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. Akwai allurar da ke karya gubar in an isa da wuri.

Wanda kuwa rawa ce kawai ke damunsa, ya ga likita sau ɗaya, ya faɗi tsoronsa ƙarara, har da sunan cutar da yake zargi, don likita ya san abin da zai amsa. Za a gwada ƙarfin gaɓoɓinsa, a ƙwanƙwasa gwiwa da 'yar guduma, wataƙila a auna jini. In akwai buƙata, a tura shi wajen likitan jijiya a asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika ko na Sakkwato, wani lokaci a yi gwajin EMG, inda ake saka siririyar allura a tsoka a ga yadda take karɓar saƙo. In an ce lafiya, to aikin da ya rage nasa ne, kuma shi ya fi wuya: ya mayar wa tela tef ɗinsa, ya daina gwada kansa, ya daina neman alamomi a waya, ya rage goro da shayin dare, ya kwanta da wuri, ya koma ƙwallonsa ko tafiyarsa. Kwanakin farko fargabar za ta ƙaru, sannan ta fara sauka. Rawar na iya ɗaukar watanni, tana barin ƙafa ta koma dantse ko ido, kuma yawonta daga wuri zuwa wuri ba alamar sharri ba ce.

In an yi haka tsoron bai saki ba, har yana hana aiki ko karatu ko barci, to shi kansa ya zama larurar da za a kai wa likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Ana magance ta da zaman tattaunawa da ke koya wa mutum barin duba jiki da neman tabbaci, wani lokaci a haɗa da magani. Zuwa wajensu ba hauka ba ne. 'Yan uwa kuma ku daina ce masa raki ne, ku kuma daina amsa masa tambayar nan ta "duba min ƙafar nan" sau goma a rana. Ku raka shi asibiti.