Kwanan Mai Ziyara a Gidan Ibadar Buddha a Japan

Shikoku shi ne ƙarami a cikin manyan tsibirai huɗu na ƙasar Japan, amma a nan ne ake da hanyar ziyarar ibada da ta fi shahara a ƙasar. Hanyar ta kewaye tsibirin, tana bi ta gidajen ibada 88, tsawonta kimanin kilomita 1,200. Mai tafiya a ƙasa yakan yi wata ɗaya da rabi, wani har biyu, kafin ya gama. Ana danganta ta da Kukai, malamin da aka fi sani da Kobo Daishi, wanda aka haifa a tsibirin a 774, ya tafi ƙasar Sin neman ilimi a 804, ya dawo ya kafa ɗariƙar Shingon.

Mai irin wannan tafiya dole ya nemi makwanci kowace yamma. Shi ya sa wasu gidajen ibadar suka keɓe ɗakunan baƙi, waɗanda ake kira shukubo. Da farko malamai matafiya da manyan mutane ke sauka a cikinsu. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, talakawa suka shiga ziyara da yawa, masaukan suka bunƙasa.

Ana biyan kuɗi, amma wanda ya zo da tunanin otal zai sha mamaki, domin a nan baƙo ne ke bin lokacin gida. Ana so ya iso kafin biyar na yamma, a ci abinci wajen shida, a rufe ƙofa wajen tara. Kafin ma ya huta, akwai haƙƙin sanda a kansa. Maziyarci yana tafe da farar riga, da malfa, da sandar katako wadda yake ɗauka a matsayin Kobo Daishi da kansa, abokin tafiyarsa. Idan ya iso masauki, sai ya fara wanke gindin sandar, ya goge, ya jingine ta a wuri mai daraja a ɗakin, kamar yadda ake tarbar baƙon da ya sha hanya da ruwan wanke ƙafa. Saboda wannan girmamawar ne ba a dogara ta a kan gada, don an ce malamin ya taɓa kwana a ƙarƙashin wata gada da ya rasa mai saukar da shi.

Ɗakin ba shi da tarkace: tabarmar tatami, ƙofar takarda mai zamewa, katifar da ake shimfiɗawa a ƙasa da dare. Wanka na tarayya ne, maza daban mata daban, kuma sai mutum ya cuɗa jikinsa tas a waje kafin ya shiga kwamin ruwan zafi. Ƙofar takarda ba ta ɓoye minshari, wannan kam sai haƙuri.

Wanda ya kammala zagayen yakan haye zuwa Koyasan, a lardin Wakayama, ya yi godiya. Kukai ne ya kafa wurin a 816 a kan tudu mai tsayin kusan mita 800. Yau akwai gidajen ibada fiye da 100 a can, kusan 50 daga ciki suna saukar da baƙi. A nan ne abincin malamai ya fi suna. Babu nama, babu kifi, kuma a ƙa'ida ba a sa tafarnuwa da albasa, don ana ganin suna motsa sha'awa. Ana kawo shinkafa, da miya, da ganyayen daji, da awara iri-iri a ƙananan kwanuka. Akwai wadda ake yi da riɗi, mai santsi, akwai kuma wadda ake daskarar da ita a sanyi sannan a busar, har ta ɗauki sunan wurin. Abin lura shi ne, rashin nama bai hana gidaje da yawa sayar wa baƙo giya ba. A Shikoku ma wasu masaukan sukan kawo kifi.

Wajen shida na safe ake ibada. Malamai suna rera nassi, ana ƙona turare, wasu gidajen kuma suna hura wutar ibada da ake kira goma, inda ake jefa 'yan itatuwan da mutane suka rubuta buƙatunsu a kai. Ba a tambayar addinin baƙo, mai so ya zauna ya kalla. A daidai lokacin, a Okunoin da ke Koyasan, inda kaburbura fiye da 200,000 ke jere cikin dogayen itatuwa, wasu malamai na ɗauke da abinci zuwa hubbaren Kukai. Mabiyansa sun yi imani cewa tun 835 bai mutu ba, yana zaune ne cikin zurfin tunani, don haka ake kai masa abinci sau biyu kullum.

Sai a 1872 aka ɗage dokar da ta hana mata hawa Koyasan. Bayan da UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, baƙi daga Turai da Amurka suka yawaita, ana kama ɗaki ta intanet. A Shikoku kuwa abin ya sha bamban: kaɗan ne daga cikin gidaje 88 ke da masauki yanzu, wasunsu ma sai ga ayari mai zuwa a bas. Mai tafiya shi kaɗai yakan ƙare a ƙananan masaukan da iyalai ke gudanarwa a bakin hanya.