Sosej rol na gida: yadda za ku fitar da tire mai kyau ba tare da kun ji kunya a taro ba

Duk wanda ke leƙa Instagram ko sitatus ɗin WhatsApp a lokacin bukukuwa ya san hoton: tire cike da samosa, fanke, mitfai, sai 'yan ƙananan sosej rol a jere suna sheƙi. Yanzu kamu, walima, suna, bikin kammala karatu, har zaman ƙawaye na hantsin Asabar, ba sa cika sai da kayan ƙwalam. Kuma cikinsu sosej rol ne ya fi sauƙin haɗawa, amma shi ne ya fi saurin tona asirin mai yi. In ya yi tauri, baƙi za su ciza sau ɗaya su ajiye. In naman ciki bai nuna ba, maganar ta wuce ta kunya, ta koma ta lafiyar mutane.

Abin ba baƙo ba ne a Najeriya. Tun 1962 kamfanin UAC ke yin Gala, wadda matafiya ke saya ta tagar mota a tasha ko cikin cunkoso. Siffar da muka sani daga Ingila ta zo, inda har yau ake cinsa kamar yadda muke cin ƙosai. Sai dai a can yawanci da naman alade ake yi. Don haka in za ku sayi sosej na leda a babban kanti, musamman wanda aka shigo da shi daga waje, ku karanta jikin ledar, ku tabbatar na saniya ne ko na kaza, kuma da alamar halal. In kuna da shakka, ku niƙa namanku. Ya fi kwanciyar hankali, ya kuma fi daɗi.

Kayan haɗi

Na kwaɓi: fulawa giram 500 (kusan kofi 4), bota giram 250, bekin foda ƙaramin cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali, ruwan sanyi kusan rabin kofi, da ƙwai 1 na shafawa.

Na ciki: niƙaƙƙen naman saniya ko kaza giram 500, albasa 1, tafarnuwa, citta, attarugu, kori, dunƙule, da garin busasshen burodi babban cokali 3. Wannan awo zai ba ku ƙanana tsakanin 30 zuwa 40, gwargwadon yadda kuka yanka.

Sirrin yana cikin sanyi

A nan mutane da yawa ke faɗuwa. Abin da ke sa ɓawon ya yi ruɓu-ruɓu a baki shi ne ƙananan gutsattsarin bota da ba su narke ba kafin a shiga wuta. Idan zafi ya same su, ruwan da ke cikinsu ya zama tururi, ya buɗa kwaɓin. Amma in botar ta narke tun a hannunku, sai ku samu abu mai maiƙo da nauyi. A zafin Kano ko Sakkwato na watan Afrilu, inda rana ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ku yi kwaɓin da sassafe ko da daddare, bota daga firij, ruwa mai ƙanƙara.

Ku zuba botar cikin fulawa, ku riƙa murzawa da kan yatsu har ta zama kamar garin rogo. Sai ruwa kaɗan-kaɗan, har ya haɗe. Da ya haɗe, ku tsaya. Ba burodi kuke yi ba. Yawan luguda yana sa fulawa ta yi danƙo, shi ne ke kawo taurin nan da ake cewa "kamar katako". Ku naɗe a leda, ya huta minti 30 a firij. In babu wuta, kula mai ƙanƙara ma ta isa.

Naman ciki

Ku jajjaga albasa da kayan ƙamshi su yi laushi, ku cakuɗa da nama da garin burodi. Amfanin garin shi ne ya tsotse ruwan nama, kada ƙasan ya jiƙe. Kafin ku naɗe, ku ɗebi ɗan kaɗan ku soya ku ɗanɗana. Gishiri in ya yi yawa bayan an gasa guda 40, ba gyara.

Ku murza kwaɓin da muciyar murji, ko kwalba mai tsafta, kada ya yi kauri. Ku yanka shi dogo-dogo, ku jera nama a gefe kamar kaurin babban yatsa, ku naɗe, ku shafa ƙwai a baki ya manne. Ku yayyanka tsawon rabin yatsa, bakin naɗin ya kalli ƙasa don kada ya buɗe. Ku ɗan tsaga saman da wuƙa, ku shafa ƙwai, ku barbaɗa riɗi in kuna so.

Gashi, ko da babu obin

Obin ya fara zafi tukuna, digiri 180 zuwa 200, sai minti 25 zuwa 30, har saman ya yi ja. Wanda ba shi da obin kada ya karaya. Ku sami babbar tukunya mai kauri, ku zuba yashi mai tsafta ko gishiri a ƙasa, ku ɗora ƙarfe ko 'yan duwatsu, ku rufe ta yi zafi minti 10, sannan ku sa faranti a kai. Wuta ƙasa-ƙasa, kuma ban da yawan buɗe murfi. Kafin ku sauke, ku fasa guda ɗaya daga tsakiya: in akwai ja a naman, ya koma wuta.

Ga masu son mayar da shi sana'a

Matasa da dama, maza da mata, da wayarsu kaɗai suke karɓar oda. In kuna son shiga, ku fara da lissafi kafin hoto. Ku rubuta kuɗin fulawa, bota, nama, gas, robar zubawa, kuɗin mai kai saƙo, da wahalarku, ku raba da yawan da kuka samu. Da yawa suna ganin kuɗi na shigowa, sai ƙarshen wata su tarar uwar kuɗin ce suke ci. Kuma ku karɓi wani abu a hannu kafin ku shiga kasuwa, ko da mai odar 'yar ajinku ce.

Abin da ya fi komai: abinci mai nama ba ya son zama. Bayan ya fito daga wuta, kada ya wuce awa 2 a waje, in ana tsananin zafi ma awa 1. Kada ku rufe shi a roba da zafinsa, gumi zai sa ya yi laushi ya kuma yi saurin lalacewa. In taron na gobe ne, ku naɗe ku jera a firiza ɗanye, ku gasa da safe, ku ƙara masa 'yan mintuna. Mutum ɗaya ya yi ciwon ciki a biki ya ambaci sunan shafinku, hotuna ɗari ba za su wanke ku ba.

Ku fara gwadawa da rabin awo a ƙarshen makon nan, ku bai wa 'yan gida. Ƙannenku ba za su ɓoye muku gaskiya ba. In tiren ya ƙare kafin shayi ya huce, to kun kama hanya.