YAƘIN RUHANIYA: SHIN WANE NE ABOKIN GABAN KIRISTA?

Duk wanda yake zaune kusa da wata majami'a a Jos, ko Kaduna, ko Legas, ko Sabon Garin Kano, ya san daren Jumma'a. Tun daga bayan lisha har gabannin asuba za a riƙa jin muryoyin masu addu'a, ana tsauta wa Shaiɗan, ana karya sammu, ana roƙon Allah ya wargaza shirin maƙiya. Wannan shi ne abin da Kiristoci suke kira yaƙin ruhaniya. Maƙwabta Musulmi su kan tambaya ko da wa ake wannan yaƙi, su kansu Kiristocin ma bakinsu bai zo ɗaya a kan amsar ba. Tambayar kuwa ba ta wasa ba ce, domin akwai tsofaffin mata da ƙananan yara a ƙasar nan waɗanda amsar da aka bayar ta raba su da gidajensu, waɗansu ma da rayukansu. Saboda haka ya kyautu mu koma tushe, mu ga abin da Littafi Mai Tsarki da manyan malaman Kirista suka koyar.

ASALIN MAGANAR

Tushen maganar yana cikin wasiƙar da Manzo Bulus ya aika wa Kiristocin birnin Afisa, wanda kufansa yake ƙasar Turkiyya a yau. Afisa gari ne da ya yi suna wajen tsafi da sihiri. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 19, ya ba da labarin cewa sa'ad da masu sihirin garin suka tuba, sun tattaro littattafansu suka ƙone a bainar jama'a, da aka ƙiyasta kuɗinsu sai aka tarar ya kai azurfa 50,000. Watau mutanen da Bulus yake yi wa magana sun san tsoron sammu da aljanu kamar yadda muka san shi a nan.

A sura ta 6 ta wasiƙar, Bulus ya kwatanta mai bi da sojan da ya yi shirin fita fagen fama. Amma kafin ya lasafta makamai sai da ya fayyace abokin gaba, ya nuna cewa mugayen ruhohi ne da ikokin duhu, ya fitar da ɗan Adam daga lissafin kwata-kwata. Sa'an nan ya jera kayan yaƙin. Gaskiya ita ce ɗamara, adalci shi ne sulke, shirin kai bisharar salama shi ne takalmi, bangaskiya garkuwa, ceto kwalkwali, Maganar Allah kuma takobi, ya haɗa su duka da naciya ga addu'a. Mai karatu zai lura cewa biyar daga cikin shidan nan na kare kai ne, umurnin da aka yi ta maimaitawa kuma shi ne a tsaya daram. Babu la'ana a jerin, babu ramuwa.

A surar nan ta 19 akwai wani labari mai jan kunne. 'Ya'yan wani babban firist na Yahudawa su bakwai suka ga ana fitar da aljanu da sunan Yesu, sai suka ɗauki sunan tamkar laya, suka gwada a kan wani mai aljan. Mutumin ya auka musu, ya ji musu rauni, suka fita a guje ba tufafi. Darasin da malamai suke cirowa shi ne, sunan Almasihu ba laƙani ba ne da kowa zai haddace ya buɗe shago.

INA MUGUNTA TA FITO?

In Allah nagari ne, shi ne kuma ya halicci kome, to, ina mugunta ta fito? A ƙarni na 3 wani mutumin ƙasar Farisa mai suna Mani ya ba da amsa mai sauƙi. Ya ce tun fil'azal iko biyu ne, na haske da na duhu, kowane da mulkinsa, suna ta gwabzawa. Wannan koyarwa ta bazu har Afirka ta Arewa, inda ta kama wani saurayi mai kaifin basira, Agustin, wanda aka haifa a shekarar 354 a garin Tagasta, a ƙasar Aljeriya ta yau. Ya yi wajen shekara tara yana binta kafin ya bari. Daga baya ya zama bishop na birnin Hippo, watau Annaba ta yanzu, inda ya rasu a 430.

Amsar da Agustin ya bayar ita ce mafi yawan ikkilisiyoyi suka riƙe har yau. Ya ce duk abin da Allah ya halitta mai kyau ne, mugunta kuma lalacewa ce da take samun abu mai kyau, kamar yadda ciwo yake samun lafiyayyen jiki. Mu ɗauki misalin tsatsa. Ba wanda ya taɓa ganin tsatsa tana zaman kanta, sai a jikin ƙarfe, in ta cinye ƙarfen ita ma ta ƙare. Ƙofar da lalacewar take bi kuwa ita ce nufin zuciya, sa'ad da halitta mai hankali ta juya wa Mahaliccinta baya. Agustin ya ba da misali da kansa, cewa yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka kakkaɓe 'ya'yan itacen wani maƙwabci da dare, ba don yunwa ba, har suka watsa wa aladu. Abin da ya ja shi, in ji shi, daɗin yin abin da aka hana ne kurum.

Abu biyu suka fito daga wannan koyarwa. Na fari, Shaiɗan ba tsaran Allah ba ne. A wurin Kiristoci mala'ika ne da ya yi tawaye, Musulmi kuwa sun san Iblis daga aljanu yake, amma duka sun haɗu a kan cewa halitta ne mai iyaka. Littafin Ayuba ya nuna sai da ya nemi izini kafin ya taɓa dukiyar Ayuba da jikinsa, aka kuma gindaya masa iyaka. Na biyu, babu mutumin da aka halitta mugu tun asali, babu jaririn da ya zo duniya a matsayin kayan Shaiɗan. Har ila yau littafin Ayuba ya rushe zaton cewa kowace masifa tana da mai laifi a kusa, domin abokansa uku da suka nace cewa zunubinsa ne ya jawo masa, su Allah ya tsauta wa a ƙarshe.

FAGEN FAMA NA FARKO

Waɗanda suka fara zurfafa bincike a kan yaƙin ruhaniya su ne masu zuhudu na hamadar Masar, irin su Antoniyo wanda ya rasu a 356, da Ibagiriyus wanda ya rasu a 399. Sun gaskata da aljanu sarai, amma da suka zauna su kaɗai a daji sai suka gane ta inda ake kawo musu hari. Ibagiriyus ya lasafta mugayen tunani takwas: zarin ci, sha'awa, son kuɗi, baƙin ciki, fushi, kasala, son yabo da girman kai. Paparoma Giregori na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, shi ya sake tsara su suka zama manyan zunubai bakwai. Maganin da suka bayar shi ne azumi, da addu'a, da aikin hannu, da buɗe zuciya ga dattijo mai hikima. Wannan ya dace da abin da Yesu Almasihu ya koyar a Markus sura ta 7, cewa sata da zina da kisa da hassada daga cikin zuciyar mutum suke fitowa. Bahaushe ma ya ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

YADDA ABIN YA KASANCE A NIJERIYA

Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Miller na Zariya ya yi ɗawainiya ƙwarai a kansa, kalmomin da jama'a suka riga suka sani aka ɗauka, watau Shaiɗan da Iblis da aljan. Saboda haka maganar ba ta zo wa kowa a baƙuwa ba. A ƙasar Yarbawa kuma, farkawar da Joseph Ayo Babalola ya jagoranta a Ilesha a 1930 ta sa dubban mutane sun kawo layu da guraye an ƙone. Ba shakka jama'a da yawa sun sami 'yanci daga tsoron boka ta wannan hanya, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san zaman fargabar sammu.

Amma tun da wuri akwai masu faɗakarwa. Dokta Byang Kato, mutumin Kwoi a ƙasar Jaba, wanda ya zama babban sakataren ECWA a 1967, ya kuma rasu a gaɓar teku kusa da Mombasa a Disamba 1975, ya yi ta jan kunne a kan cuɗanya bishara da tsohon tsafi. Daga shekarun 1970 zuwa na 1990 ikkilisiyoyin Fentikos suka yawaita, littattafai kuma suka shigo daga Amurka, irin na C. Peter Wagner, masu koyar da cewa garuruwa da ƙasashe suna da aljanun da suke mulkinsu, sai an gano su an ɗaure. A hankali addu'ar kuɓutarwa ta zama ruwan dare, har a wurare da dama aka koma ɗora kowace asara da kowane ciwo a kan wani maƙiyi na ɓoye.

INDA YAƘIN YA KARKACE

A nan ne haɗarin yake. Tun kafin zuwan mishan mutanenmu sun yarda da maita. Yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, ya ambaci sunan wata tsohuwa cikin magagi, sai a ce ta kama kurwarsa, a jawo ta a tilasta mata ta tsallaka shi. To, in mai wa'azi ya tashi ya ce wa matar da take ɓari, ko ɗan kasuwar da ya karye, wai mai yi masa aiki yana cikin gidansu, tsohuwar cutar ce ta sake riga. Ba a zargin mai ƙarfi. Gwauruwa ake nunawa, ko maraya, ko ɗan kishiya, ko yaro mai farfaɗiya.

A 2008 wani shirin talabijin na Ingila ya nuna wa duniya yaran jihar Akwa Ibom waɗanda aka kora daga gida, aka doke su, aka ƙona waɗansu, bayan an ce mayu ne a wuraren addu'a. A shekarar nan gwamnatin jihar ta kafa dokar kare hakkin yara wadda ta haramta jifan yaro da maita.

Turawa ma sun bi ta wannan rami. Tsakanin ƙarni na 15 da na 18 an kashe mutane dubun dubbai a Turai bisa zargin maita, yawancinsu mata. A 1631 wani limamin Katolika na Jamus, Friedrich Spee, ya rubuta littafi yana nuna cewa azaba za ta sa kowane mutum ya amsa laifin da bai yi ba. A garin Salem na Amurka an rataye mutum 19 a 1692, bayan shekara biyar ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya miƙe a majami'a aka karanta takardar tubansa a gaban jama'a. Waɗannan mutane sun ɗauka Shaiɗan suke yaƙa, alhali ƙarya da zub da jini, waɗanda su ne aikinsa, ta hannunsu suka gudana. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

MATAKAN DA AKA ƊAUKA

Ikkilisiyar Katolika ta sabunta ƙa'idar fitar da aljanu a 1999. Ba limamin da zai yi wannan aiki sai da izinin bishop, kuma wajibi ne a fara bambance shi da taɓin hankali, a nemi shawarar likitoci in da bukata. A Agusta 2000 shugabannin ikkilisiyoyin bishara daga nahiyoyi dabam-dabam suka yi taro a Nairobi a kan yaƙin ruhaniya, suka tabbatar cewa mugayen ruhohi gaskiya ne, suka kuma yi kashedi a kan ɗora wa aljanu laifin da mutum ya aikata da gangan. A Gambaga ta arewacin Gana, inda matan da aka kora da sunan maita suke fakewa, Ikkilisiyar Firesbiteriya ta daɗe tana sasanta su da danginsu domin su koma gida. A nan gida kuma, sashe na 210 na dokar manyan laifuffuka ya tanadi ɗaurin shekara biyu ga wanda ya jefi wani da maita. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, ta bakin hukumarta ta kare hakkin ɗan Adam, ta zartar da ƙuduri a kan wannan ta'asa a 2021.

Saboda haka, jama'a, wanda ya je wurin addu'a yana da ma'aunin da zai gwada abin da ya ji. Ya duba ko an kira shi ga tuba da gyaran halinsa, ko kuwa an nuna masa wani ne da yatsa. Ya duba ko ya fito da natsuwa, ko da ƙarin tsoro da ƙiyayyar danginsa. Ya duba ko an hana shi kai mara lafiya asibiti, ya tuna cewa Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne. Ya kuma duba ko an yanka masa kuɗi kafin a yi masa addu'a. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hangi na wani. Ma'aikacin da ya ƙi cin hanci, da matar da ta riƙe ɗan kishiyarta da amana, da saurayin da ya tsaya tsakanin taron 'yan sanduna da tsohuwar da ake zargi, su ne suke sanye da kayan yaƙin da Bulus ya lasafta. Allah ya tsare mu daga sharrin Shaiɗan da sharrin zukatanmu, amin.