Sabon Inji, Tsohuwar Mesa

Manomin rani da ya sayo sabon injin ban-ruwa ya kai shi fadama, ya ɗaura mesa, ya ja igiya, inji ya kama ruri amma ko ɗigo bai fito ba, ba ya cewa rijiya ta ƙafe. Jiya-jiya ya shayar da albasarsa daga wannan rijiyar. Yakan ɗaga kai ya dubi maƙwabcinsa. In injin maƙwabci yana feso ruwa, magana ta ƙare, ruwa na nan a ƙasa, matsalar tana tsakanin sabon inji da tsohuwar mesa. Sai ya tsuguna ya kwance robar da ya naɗe bakin mesar da ita, ya duba ko bakin injin ya fi na da faɗi, ko iska ce take shiga ta wata kafa.

Wannan natsuwar ce take ɓace mana idan kwamfuta ta ƙi shiga intanet bayan an sauya mata babbar manhaja. Tun da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, mutane suka yi ta kai kwamfutocinsu ana ɗora musu Windows 11. Malamin makaranta a Safana, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ya zo hutu Runka, mai shagon buga takardu da duba sakamakon NECO a Batsari, kowa ya dawo gida da allo mai sheƙi, ya kunna, sai ga alamar intanet a can kusurwar ƙasa ta koma hoton duniya da tambarin hani. Kalmar farko da take fitowa daga bakinsa ita ce: an ɗauke sabis.

Ba na ganin laifin mutumin Batsari ko na Safana da ya faɗi haka. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindigar dajin Rugu, kuma garuruwan nan biyu suna ciki, tare da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Jibiya da Dutsin-Ma da sauransu. Ranar da Windows 11 ya fito, 5 ga Oktoba na 2021, ko kiran waya ba ya shiga yankin. Sai mutum ya hau mota ya nufi Katsina don kawai ya ji muryar ɗansa. Wanda ya sha wannan, in ya ga intanet ta tsaya, zuciyarsa turken sadarwa za ta fara tunawa. Ga shi kuma intanet ɗin gida a nan duk ta iska take zuwa, ko ta ɗan akwatin rauta mai ɗauke da sim, ko ta hotsifot ɗin waya. To amma ruwa ba ya tsami banza. Turke yana nan inda yake jiya, rauta tana kan taga inda aka saba ajiye ta, abu ɗaya ne ya sauya a gidan, kuma yana kan tebur. Abin da yake damuna shi ne kuɗin kuskuren. A Kano, wanda ya yi kuskuren gano ciwon kwamfutarsa zai hau Adaidaita ya koma wurin mai gyara a titin Beirut. A nan kuwa hanya ce za a sake bi da kaya a jaka, hanyar da kowa ya san ba a shiga ta don nishaɗi.

Saboda haka a fara da duban maƙwabci. Ka ɗauki wayarka, ka kashe datar layinta, ka haɗa ta da waifai ɗin rautar, ka buɗe kowane shafi. In ya buɗe, rijiya da ruwa. In bai buɗe ba, kafin ka zargi kamfanin waya duba ragowar datarka, domin sauya manhajar da kansa mai shan data ne. Windows 11 ya haura gigabait 5 in za a sauko da shi, kuma ko da filashi aka ɗora shi, da ya sami intanet zai fara janyo sabbin gyare-gyare ba tare da ya nemi izini ba. Shi a wurinsa duk waifai teku ne. Datar wata guda tana iya tafiya tsakanin magariba da isha'i. Maganin wannan maɓalli ɗaya ne a saitin waifai ɗin, wanda aka rubuta wa Metered connection. In ka kunna shi, ka shaida wa kwamfutar cewa a nan gidan da mudu ake auna data.

In waya tana shiga, kwamfuta ce kaɗai ta ƙi, to a tsuguna a kan bakin mesa. A cikin kowace laftof akwai ɗan kati mai kama waifai, na Intel ko Realtek ko Qualcomm ko Broadcom, kuma babbar manhaja ba ta iya magana da shi sai ta hanyar wata ƙaramar manhaja da masu gyara suke kira direba. Ita ce mahaɗin da yake zama tsakanin bakin inji da mesa. Mafi yawan kwamfutocin da suke hannun mutanenmu na hannu ne, tsofaffin HP EliteBook da Dell Latitude da suka gama aiki a ofisoshin Turai. Windows 11 kuwa a ƙa'idarsa yana neman ƙwaƙwalwar Intel zubi na 8 zuwa sama da guntun tsaro na TPM 2.0. Masu gyara sun san dabarar tsallake wannan sharaɗin, kwamfutar ta ɗauka, ta yi kyau a ido, amma wani lokaci mahaɗin katin waifai ya zauna a karkace ko ya faɗi gaba ɗaya. Alamarsa ba ta ɓuya. Ka danna maɓallin Start da hannun dama na linzami, ka buɗe Device Manager, ka sauka kan Network adapters. In ka ga ɗan alwatika ruwan ɗorawa a jikin sunan katin, ko ka nemi sunan ka rasa sai wani abu maras suna a ƙarƙashin Other devices, ka kama ɓarawon.

A nan ne mutane suke tsayawa cirko-cirko, domin direban a intanet yake, intanet kuma ba ta samuwa sai da direban. Manomin rani ya san wannan ƙullin tun tuni. Injin da cikinsa ya bushe ba ya jan ruwa ko rijiya ta cika ta batse, sai an kwance murfin sama an ɗura masa ruwa da bokiti har ya tumbatsa, sannan a ja igiya ya kama. Bokitin kwamfuta wayar aljihunka ce. Ka haɗa wayar Android da laftof da igiyar caji, amma mai ɗaukar bayanai, don wasu igiyoyin wuta kawai suke kaiwa. Ka shiga saitin hotsifot ka kunna USB tethering. Kwamfutar za ta sami intanet ta igiya ba tare da ta nemi katin waifai ba. Daga nan ka bar Windows Update ya nemo direban, ko ka juya laftof ɗin ka karanta lambar samfurinta a ƙasa, ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta ka sauko da shi da kanka. In na Windows 11 babu, na Windows 10 yakan zauna lafiya lau.

Wani lokaci kuma katin lafiyarsa ƙalau, kwamfuta ta ce ta haɗu da rauta, amma shafi ba ya buɗewa. Ka sa ta manta da waifai ɗin, ka sake rubuta kalmar sirri. In hakan bai yi ba, ka rubuta ipconfig a baƙin allon umarni ka duba lambar da ta fito. Mai farawa da 192.168 daga rauta ta zo, mai farawa da 169.254 kuwa kwamfutar ce ta laƙa wa kanta don rauta ba ta amsa mata ba. Network reset yakan warware irin wannan, sai dai yana share duk kalmomin sirrin waifai da ka ajiye, don haka ka rubuta su a takarda tukuna. Tsohuwar manhajar riga-kafi ko ta VPN da ta biyo kwamfutar daga Windows 10 ita ma takan toshe hanya, a cire ta a gwada. Kada a manta da agogo. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo da yake riƙe kwanan wata yakan mutu a tsofaffin kwamfutoci, sai ka ga shekara ta koma baya, shafuka kuma su ƙi buɗewa suna gargaɗin rashin tsaro.

Abin da nake roƙo a guje masa shi ne saurin yarda da fomat. Akwai masu gyaran da ba su da magani sai shi, kuma a wannan ciwon gyaran gangar Abzinawa ne. Za a share takardun makaranta da hotunan biki da lissafin shago, a sake ɗora wannan Windows ɗin daga wannan filashin da ba shi da direban, ka biya kuɗi ka dawo inda ka baro. In ta hanyar sabuntawa ka hau Windows 11, ba a goge komai ba, kana da kwana 10 da za ka iya komawa tsohon ta wurin Recovery, kayanka na nan yadda suke. Wannan yana ba ka sararin nemo direba a natse, ko da yake zama a kan manhajar da aka daina toshe wa kafofin tsaro ba zaman dindindin ba ne, musamman ga mai shiga asusun banki da ita.

Wanda bai riga ya sauya ba, ya sauko da direban waifai na kwamfutarsa ya ajiye a filashi tun tana shiga intanet. Wanda kuma zai kai ta Katsina ko Dutsin-Ma a ɗora masa, ya tafi da rautarsa a aljihu. Kafin ya miƙa kuɗi ya kunna ta a nan cikin shagon, ya haɗa, ya buɗe shafi, ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa ya ga ta haɗu da kanta, sannan ya nemi motar Batsari tun da sauran rana.