Kyaututtukan Bincike ga Matasan Malaman Kimiyya a Jami'o'in Amurka

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi bayani a kan kyaututtukan bincike da ake ba matasan malaman kimiyya a jami'o'in Amurka, mu kuma nuna yadda ɗaya daga cikinsu ta haɗa bincike da koyarwa wuri guda.

2.0 Dalilin Kafa Kyaututtukan

A Amurka, idan jami'a ta ɗauki mai digirin dakta a matsayin mataimakin farfesa, takan ba shi kimanin shekara shida ya nuna abin da ya iya. Bayan haka sai a auna aikinsa. In ya gamsar a tabbatar da shi, in kuwa bai gamsar ba sai ya nemi wani wuri. A cikin wannan ɗan lokaci ne zai kafa ɗakin gwaje-gwaje, ya sayi na'urori, ya ɗauki ɗaliban da za su taya shi aiki. Ga shi kuwa masu ba da kuɗin bincike sun fi sakin jiki da manyan farfesoshin da suka riga suka yi suna. Wannan giɓi ne kyaututtukan suka zo cikewa.

3.0 Ire-iren Kyaututtukan

Gidauniyar Sloan ta fara ba da tata kyautar a 1955, ta Packard kuma a 1988. Ta fuskar gwamnati kuwa, Hukumar Kimiyya ta Ƙasa, wato NSF, wadda aka kafa a 1950, ta ɓullo da shirin CAREER a 1995. Bisa ƙa'idojin da ta fitar a 2022, mafi ƙarancin abin da ake bayarwa shi ne dala 400,000 a tsawon shekara biyar, amma a fannin nazarin halittu da na injiniya dala 500,000 ne. Sau uku kaɗai aka yarje wa malami ya nema.

4.0 Sharaɗin Koyarwa

Abin da ya fi jan hankalinmu, mu masu horar da malamai, shi ne sharaɗin da shirin CAREER ya gindaya. Bai isa mai nema ya kawo tsarin bincike kawai ba. Wajibi ne ya nuna yadda binciken zai shiga cikin darussansa, da yadda ɗalibai za su amfana da shi. Haka kuma sai ya haɗa da wasiƙar shugaban sashensa mai tabbatar da goyon bayan sashen. Hikimar ita ce, matashin da tsoron rasa aiki ya dame shi yakan karkata ga buga takardu ya yi wa aji riƙon sakainar kashi, domin da takardu aka fi auna shi. Da aka sanya koyarwa cikin ma'aunin kyautar, sai ta zama abin da ba a iya wofintarwa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu fahimci cewa waɗannan kyaututtuka jari ne da ake zubawa domin aikin da ake sa rai malami zai yi nan gaba. Sai dai muna da jan kunne guda. Wanda ya samu kyauta ɗaya, samun ta biyu yakan zo masa da sauƙi, saboda haka malaman ƙananan jami'o'i marasa kayan aiki suna iya zama 'yan kallo. Duk hukumar da ta yi niyyar kafa irin wannan kyauta, ya kamata ta yi la'akari da wannan matsala tun wajen tsara ƙa'idoji, ta kuma riƙe sharaɗin koyarwa da kyau.