Iyakar ɗaga sirdin keke

Tun bayan da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, jama'a da dama a yammacin jihar Zamfara suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu. A ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum, sau tari keke ɗaya ne magidanci ke zuwa gona da shi, yara kuma su kai niƙa, kowa yana ɗaga sirdi ko sauke shi daidai tsayinsa.

Sai dai ɗaga sirdi yana da iyaka.

A jikin ƙarfen da ke riƙe da sirdi, masu ƙera keke kan zana wani layi kusa da gindinsa. Idan ana iya ganin layin nan a waje, to an wuce gona da iri. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 4210 ta tanadi cewa abin da zai shige cikin bututun keken kada ya gaza ninki biyu na kaurin ƙarfen. Wato ƙarfe mai kaurin milimita 25 yana buƙatar aƙalla milimita 50 a ciki.

Wannan mafi ƙaranci ke nan. Makanikai da yawa sun fi son santimita 8 zuwa 10, ta yadda ƙarfen zai zarce mahaɗar bututun da sandar keken ta sama.

Dalili kuwa shi ne, gwargwadon tsawon ƙarfen a waje, gwargwadon yadda nauyin mahayi ke ɓanɓarar bakin bututun, kamar mai tumɓuke kututture da dogon ƙarfe. A kan hanya mai gargada, kowane rami ƙarin duka ne. A hankali bakin bututun ya tsage, ko ƙarfen ya lanƙwashe, wani lokacin ma ya karye ana tsakar tafiya.

Matsalar tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix ita ce tsatsa kan cinye layin. A nan sai a kwance noti, a zaro ƙarfen duka, a auna, a shafa masa giris kafin a mayar, musamman gabanin damina.

Dogon mutumin da sirdi bai kai masa ba, gara ya nemi ƙarfe mai tsawo da kauri iri ɗaya. Yi wa gajere ƙari a wurin mai walda ya fi araha, amma galibi daga wurin ɗorin yake karyewa.